Stellenbosch, Franschhoek ko Montagu: ina wanda ba ya shan giya zai huta a ƙasar inabi?

Duk wanda ya je kamfanin shirya tafiye-tafiye ya ce zai je Cape Town a Afirka ta Kudu, da wuya a sallame shi ba a cusa masa kwana biyu ko uku a yankin gonakin inabi ba. Hotunan ne ma suke yin rabin cinikin: duwatsu shuɗɗa, fararen gidaje ginin Turawan Holan, kunyoyin inabi sun miƙe har gindin dutse. Sai dai kusan duk tsarin da za a miƙo maka an ɗora shi ne a kan ɗanɗana giya, daga wannan gona zuwa waccan, tun hantsi har sakaliyar la'asar. Mutumin Kano ko Damagaram ko zangon Kumasi da ba ruwansa da kwalba, abin da ya kamata ya tambaya shi ne: in an janye kofin, me ya rage, kuma a wane gari ya fi raguwa?

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne, amma ba a raba shi daidai ba. Wurare uku ne suka cancanci a auna su: Stellenbosch, Franschhoek, da garuruwan ruwan zafi na kwarin kogin Breede, musamman Montagu. Kowanne akwai irin gajiyar da yake magani, kuma wanda ya kai gajiyarsa inda ba nata ba, kuɗinsa kawai zai kashe ya dawo da ita.

Stellenbosch gari ne na gaske, kuma wannan shi ne babban abin da ya fi sauran da shi. Shugaban Turawan Holan a Cape, Simon van der Stel, ne ya kafa shi a 1679 a bakin kogin Eerste, kimanin kilomita 50 gabas da Cape Town, kuma daga filin jirgin sama tafiyar minti 30 zuwa 40 ce. Yana da babbar jami'a, da asibitoci, da bankuna, da kantuna, da dubban ɗalibai masu kai da kawo a ƙafa da keke. Ko da a ce yau an rufe duk gidajen giyar da ke kewaye da shi, gobe garin zai tashi ya ci gaba da harkarsa. Ga wanda ba ya sha, amfanin wannan shi ne ba zai ji shi bare ba ne. Zai fito da safe ya bi titin Dorp a ƙarƙashin inuwar tsofaffin itatuwan oak, ya shiga lambun tsirrai na jami'a ya zauna, ya sha shayin rooibos, babu wanda zai dube shi da mamaki don ya ce a kawo masa ruwan inabi zalla.

Sannan ga masallaci a cikin gari, a titin Banhoek, wanda tun ƙarshen ƙarni na 19 yake nan. Unguwar da ke kewaye da shi a da ta talakawa ce, Musulmi da Kirista, kafin dokar wariyar launin fata ta ware ta ga farar fata a 1964 a kwashe mutanen zuwa bayan gari. Mutanen sun tafi, masallacin ya tsaya. Samun abincin halal a garin ba wahala ba ne, in dai mutum zai duba tambarin hukumomin tantancewa irin su MJC da SANHA a ƙofar shago, domin Afirka ta Kudu ta yi nisa a wannan fanni fiye da yadda yawancinmu muke zato. Tafiyar kamar rabin awa daga nan, wajen da kogin Eerste yake faɗawa teku, akwai hubbaren Shaihu Yusuf na Makassar, malamin da Turawan Holan suka koro daga tsibiran Indunusiya suka ajiye a gonar Zandvliet a 1694, ya rasu a 1699. Musulmin Cape suna ɗaukarsa uban Musulunci a ƙasar. Wato tun gonakin inabin suna jarirai ake salla a wannan kwari.

Ta fuskar motsa jiki kuwa, kwarin Jonkershoek yana bayan gari, 'yan mintuna a mota. Hukumar CapeNature ce ke kula da shi, ana biyan kuɗin shiga, akwai hanyar ƙafa mai sauƙi zuwa magangarar ruwa ta farko, da mai ɗan wuya zuwa ta biyu. Wanda aikin ofis ya daskarar masa da gwiwa da ƙugu, tafiyar awa biyu a nan ta fi masa tausar awa biyu, a ganina. Amma kada a tafi shi kaɗai, kada kuma a bari rana ta take kafin a fita.

Gidajen tausa da wanka ma akwai su na gani na faɗa. Lanzerac, gonar da asalinta ya koma 1692, tana bakin hanyar Jonkershoek ɗin. Delaire Graff, mallakin attajirin lu'ulu'u Laurence Graff, tana ƙolin hawan Helshoogte, kuma farashinta irin na mai lu'ulu'u ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba dole sai ka kwana a irin waɗannan wurare ba. Mafi yawansu suna karɓar baƙon yini in ya yi rajista tun da wuri. Ka kama ɗaki mai sauƙin kuɗi a cikin gari, ka ware yini guda ka je a yi maka tausa da surace, ka dawo. Illar Stellenbosch ɗaya ce: garin ɗalibai ne. Daga Fabrairu zuwa Nuwamba tsakiyar gari da dare akwai hayaniya, musamman daren Juma'a da Asabar. Mai neman barci ya nemi masauki a gefen unguwar Mostertsdrift ko hanyar Jonkershoek, ya nisanci titunan da mashaya suka yi layi.

Daga Stellenbosch in ka haye Helshoogte ka gangara, kafin ka kai Franschhoek za ka ratsa wani ƙauye, Pniel, wanda aka kafa a 1843 domin bayin da aka 'yanta. Ya kamata mutum ya rage gudu a nan ko don ya tuna da hannun wa aka gina fararen gidajen nan. Bayi ne suka nome gonakin har zuwa 1838, bayan su kuma aka shafe tsawon zamani ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya. Doka ta hana hakan a 1960, amma ɗabi'ar ta ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990, kuma har yau yankin yana fama da yaran da shan iyaye mata ya nakasa tun suna ciki. Ba na faɗin wannan don in ɓata wa kowa hutu. Na faɗa ne don in mai tausa ko mai kawo abinci ya yi maka aiki mai kyau, kada ka yi ƙwauron kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari da aka saba bayarwa na tukwici.

Franschhoek kuwa, in maganar kyau ake yi, ta fi. Babu gardama. Kwari ne da duwatsu suka rufe ta gefe uku, kimanin kilomita 75 daga Cape Town, inda aka zaunar da Faransawa 'yan Furotesta da suka gudo daga tsanantawar addini a 1688. Babban titi ɗaya ne, yana ƙarewa a dandalin tunawa da waɗannan 'yan gudun hijira, kuma a cikin rabin awa ka gama zaga shi a ƙafa. Da dare shiru kake ji. Ma'aurata sabbin aure, ko wanda ya fito daga wata doguwar jinya yana son ya zauna a baranda ya kalli dutse ba tare da kowa ya ce masa uffan ba, nan ne wurinsu. Gidajen tausa irin na Leeu Estates da na otal ɗin Mont Rochelle, wanda Richard Branson ya mallaka, an yi su ne domin irin wannan zama.

Matsalar ita ce Franschhoek ƙauye ne da ya rayu a kan abu biyu, giya da teburin cin abinci, kuma biyun a haɗe suke kamar ɗan jumma da ɗan jummai. Jirgin ƙasan yawon gonaki da aka fara a 2012, wanda kowa ke ɗaukar hoto a cikinsa, aikinsa shi ne sauke mutane a wuraren ɗanɗana giya don kada su yi tuƙi a buge. Da safe hawansa akwai daɗi, ana ganin gonaki ta tagar da ba gilashi. Bayan azahar kuwa abokan tafiyarka sun canza. Manyan gidajen abincin garin, waɗanda sunansu ya kai Turai, girkin Faransa suke yi: naman alade busasshe a farkon ci, miya da aka ƙona giya a cikinta, kayan zaƙi da aka jiƙa da barasa. Za su yi maka kifi ko ganye in ka faɗa tun lokacin kama tebur, wasu ma suna da jerin abin sha marar giya da suke haɗawa da kowane kwano, amma kullum kai ne mai bayani, kai ne mai tambaya. Kwana biyu ana jurewa. Kwana biyar mutum ya fara gajiya da kare kansa, alhali hutu ya zo yi. Sallar Juma'a kuma sai ka shirya tafiyar kamar rabin awa zuwa garin Paarl, inda Musulmi suke da yawa da masallatai, ko ka koma Stellenbosch.

Duk da haka akwai abubuwan da ba ruwansu da kwalba: hawan tsaunin gandun dajin Mont Rochelle a saman mashigar dutsen Franschhoek, inda ake hango kwarin gaba ɗaya, gidan adana tsofaffin motoci na gonar L'Ormarins, da ƙofar gidan yarin Drakenstein a hanyar Paarl, wanda a da ake kira Victor Verster, inda Nelson Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairu 1990, akwai mutum-mutuminsa a wurin.

Wuri guda ne a wannan yanki nake ganin bai kamata ya wuce kowa ba, ko a ina ya sauka, wato Babylonstoren, a Simondium, tsakanin Franschhoek da Paarl. Tsohuwar gona ce ta 1692 da Koos Bekker da matarsa Karen Roos suka saya suka gyara. Suna yin giya, amma ba ita ce ke kai mutane can ba. Lambu ne makeke, da tsirrai sama da iri 300, kusan kowanne ana ci ko ana magani da shi: ɓaure, rumman, zaitun, lemo iri-iri, na'ana'a, kabewa, ga ruwa yana bin ƙananan magudanai a tsakanin fangali. Duk wanda ya tashi kusa da fadama zai ji wurin a jikinsa. Ana biyan kuɗin shiga kaɗan, ana zagawa da baƙi da safe, kuma gidan wankansu yana da hamam irin na Turkiyya, ɗakin dutse mai zafi inda ake cuɗa jiki da sabulu a ɗauraye. Matan da suka saba da dilka da halawa ba za su ga baƙon abu ba. Daga Stellenbosch ma tafiyar ƙasa da rabin awa ce, abin da ya ƙara rage dalilin kwana a Franschhoek.

Tunda an zo maganar gidan wanka, akwai abin da za a tallata maka a kusan duk gidan tausa na yankin: gyaran jiki da inabi. Asalinsa daga Bordeaux ne a Faransa, inda masu kamfanin Caudalie suka buɗe gidan wanka na farko irin wannan a 1999 a gonar Smith Haut Lafitte. Ana niƙa ƙwallon inabi da ɓawonsa a goge fata da su, a yi tausa da man ƙwallon, wani lokaci a naɗe mutum da tsakin da ya rage bayan an matse ruwan. Suna cewa sinadaran da ke cikin ƙwallon suna hana fata tsufa. Ni dai abin da zan iya tsaya wa shi ne fata tana yin laushi, kamar yadda za ta yi da kowace irin cuɗa mai kyau; maganar mayar da tsohuwa yarinya kuwa talla ce. Abin lura shi ne nau'in ya kasu biyu. Yawanci ƙwallo ne da mai, babu giya a ciki. Amma akwai wanda ake zuba jar giya a ruwan wanka, ko a miƙo maka kofi kana cikin kwarmin. Ka tambaya kafin ka biya, a fili, za su gaya maka. Haka nan abin da suke kira giyar da aka cire wa barasa, yawanci akwai ragowar da ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Mai son kauce wa shubuha ya tsaya a ruwan inabi, ko lemon kwalba na Grapetiser da Appletiser da ake samu a kowane shago. Wani abu kuma da maza ba sa tunawa: mafi yawan masu tausa mata ne. Hajiya ba ta da matsala, Alhaji ne zai nemi a tanadar masa namiji, kuma sai ya faɗa kwana biyu ko uku kafin ranar, in ba haka ba ya iske babu.

Montagu wata duniya ce daban. Tafiyar kimanin kilomita 180 ce daga Cape Town, awa biyu da 'yan kai: ka bi babbar hanyar N1 ta cikin ramin dutsen Huguenot, ka ratsa Worcester da Robertson, ka shiga mashigar Cogmanskloof inda hanya ta huda wani siririn dutse tun 1877. Nan ma ƙasar inabi ce, amma ta manoma, ba ta masu hoto ba. An san garin da inabi mai zaƙi da busassun 'ya'yan itace, kuma tsarabar da za ka ɗauko a shagunansu ta zabibi da busasshen apricot da gyaɗar Turawa iri-iri ta fi duk abin da za ka saya a Franschhoek amfani a gida.

Abin da ke kai mutum Montagu shi ne ruwa. Maɓuɓɓugar da ke bayan gari, inda wurin shaƙatawa na Avalon Springs yake, tana fito da ruwa mai zafin digiri 43. Wanda ya taɓa shiga Wikki a Yankari, mai digiri 31, ya san ɗumi. Wannan zafi ne, ya fi kusa da abin da mutanen Agadez suke zuwa nema a Tafadek. Mai ciwon baya, mai sanyin ƙashi, wanda ya yi shekara yana zaune a mota da kujera, kwana biyu yana shiga yana fita zai ji jikinsa ya saki yadda tausar awa ɗaya ba za ta sakar masa ba. Ba warkarwa yake yi ba, sassauci ne, amma sassaucin na gaske ne. Kada a wuce minti 15 zuwa 20 a shiga ɗaya, a sha ruwa sosai, kuma mai hawan jini ko ciwon zuciya da mace mai juna biyu su tambayi likita tun daga gida. Daga cikin gari akwai hanyar ƙafa ta kimanin kilomita biyu da ke bin rafi tsakanin duwatsu har zuwa maɓuɓɓugar.

Kuɗin Montagu bai kama ƙafar na Franschhoek ba, kuma yawancin masaukai suna da kicin, wanda ga mai iyali shi ne mafita: ka yi cefanen naman halal a Cape Town ko Worcester, uwargida ta yi girkinta, yara su yini a ruwa. Inda gizo ke saƙar shi ne wuraren wankan a haɗe suke, maza da mata, cikin kayan ninkaya irin nasu. Ranakun Asabar da Lahadi da lokacin hutun makaranta cika suke yi maƙil. Wanda wannan ya dame shi, ko dai ya je tsakiyar mako ya shiga da sassafe, ko ya nemi masaukin da ke da kwarmin wanka na ɗaki, ya tabbatar kafin ya biya. Goudini, kusa da Rawsonville, ta fi kusa da Cape Town kuma tsarinta na iyali ne, da irin wannan cunkoso. Caledon ma tana da ruwan zafi mai ƙarfe-ƙarfe, amma otal ɗin a haɗe yake da gidan caca, ni kam na cire ta daga lissafi. Sannan Montagu sai da mota. A Stellenbosch Uber tana aiki, a Franschhoek ana samu da ɗan jira, a Montagu kada ka dogara da ita. In za ka yi hayar mota, ka tuna a hagu suke tuƙi.

Lokacin tafiya yana iya juya duk wannan lissafi, don yanayinsu kishiyar namu ne. Sanda muke hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, su suna tsakiyar bazara: zafi ya haura digiri 30, wani lokaci ya doshi 40 a Paarl da Franschhoek, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas, masaukai sun yi tsada, ruwan zafi kuma ba ya shiguwa da rana. Girbin inabi daga ƙarshen Janairu ne zuwa Maris. Yuni zuwa Agusta sanyi ne da ruwan sama, wani lokaci har ƙanƙara a kan duwatsu. A nan ne farashin manyan otal yake faɗuwa, a nan ne kuma Montagu take cin kasuwarta, don ruwan sama bai kai mata kamar Stellenbosch ba, ga tururi yana tashi da asuba. Mai son tafiyar ƙafa da lambu ya nufi Satumba zuwa Nuwamba, ko Maris da Afrilu bayan zafi ya karye.

In aboki ya ce in zaɓar masa, zan ce ya sauka Stellenbosch kwana uku ko huɗu, ya ba Jonkershoek safiya ɗaya, Babylonstoren yini ɗaya, Franschhoek yini ɗaya ya dawo ya kwana. In da ciwon jiki ya zo, ko da yara, ko a watannin sanyinsu, ya ƙara kwana biyu a Montagu tsakiyar mako. Franschhoek a matsayin masauki na bar wa ango da amarya masu ƙarfin aljihu, su ma kwana biyu, su kuma rubuta wa otal ɗin tun daga gida cewa a kwashe kwalaben da ke cikin firijin ɗaki, kada a tarbe su da kyautar giya, don al'adar wurin ke nan.

Ɗan Najeriya da ɗan Nijar sai da biza, kuma gara a nema da wuri. Ɗan Ghana tun Nuwamban 2023 yana shiga ba biza har kwana 90 a shekara. Dukansu ana tambayarsu katin rigakafin shawara. Agogon Afirka ta Kudu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya kacal, saboda haka babu rikicewar barci. Alƙibla ce za ta ba ka mamaki a daren farko: daga can ba gabas ake fuskanta ba, arewa ce da ɗan karkata zuwa gabas, don haka a duba manhajar waya kafin a shimfiɗa darduma.